Ginin sabo ne, to ina anka samo shekarun? Tarihin cocin Baftis na ƙauye

(Hoto: ƙaramin coci a bakin hanya, ƙyalle rataye a ƙofa)

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Tun satin da ya wuce ake ta turo min hoton nan, wasu ta WhatsApp wasu ta Facebook. Cocin Baftis ne na wani ƙauye, sun rataya ƙyalle suna murnar cika shekaru masu yawa da kafuwa, amma ginin da ke bayan ƙyallen bulo ne sabo fil, fentin ma kamar bai gama shan iska ba. Sai mutane sunka ce ai ƙarin gishiri ne, wani ma cewa ya yi kwanon rufin nan bai ga damina biyar ba. Gaskiyarshi a kan kwano kam. Sai dai su masu cocin ba daga kwano suke fara ƙirga ba, kuma nan ne kowa ke ɓacewa, don haka nan za mu daɗe yau. Sauran tarihin da gudu za mu wuce shi, ku riƙe zanenku.

(Taswira)

Shekarar 1609, birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Wasu 'yan Ingila da sunka gudo saboda sun ƙi bin cocin gwamnati, jagoransu John Smyth, sunka ce jariri bai san komai ba balle ya ba da gaskiya, don haka baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, sai wanda ya yi hankali ya furta da bakinshi. Daga nan sunan ya fito. Masu cewa Annabi Yahaya ne ya kafa Baftis don Kirista na kiranshi Yohanna Mai Baftisma, a'a, kalmar ce kawai ta haɗa su. Thomas Helwys ya koma da abin Ingila, Roger Williams ya kafa na farko a Amurka a 1638, a 1845 kuma Baftis na kudancin Amurka sunka ware sunka yi ƙungiyarsu, kuma a kan maganar bayi ne anka rabu, wannan tabo ne a tarihinsu da su kansu sun amsa shi daga baya.

Su ne sunka turo Thomas Jefferson Bowen, ya sauka Badagry a 1850. Abin da ya ja hankalina a labarin mutumin nan, idonshi arewa yake kallo. Ya kai har Ilori a 1855, lokacin Ilori na ƙarƙashin Gwandu, wato cikin daularmu ta Usmaniyya ke nan, Sarki ya karɓe shi baƙo amma bai ba shi izinin zama ba. Sai ya zauna Ogbomoso. Ku riƙe sunan garin nan, zai dawo.

1888 'yan ƙasa sunka samu saɓani da Baturen mishan a Legas sunka fita sunka kafa nasu. 1914 anka haɗa ƙungiyar Baftis ta ƙasar Yarbawa, Mojola Agbebi ne shugabanta na farko, 1919 ta koma ta Najeriya baki ɗaya, hedikwatarta na Ibadan har yau.

(Tsohon hoton jirgin ƙasa, tashar Kaura)

To mu nan fa? Da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin gwamnatinshi ba za ta shiga harkar addinin Musulunci ba, shi ya sa Turawan mulki sunka daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna. Wanda bai buƙaci izinin Razdan ba shi ne ɗan kasuwa. Jirgi ya kai Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Kauran Namoda a 1929, bai taɓa shigowa birnin Shehu ba, daga nan sai mota da jaki da ƙafa. Fataken Yarbawa, da yawansu mutanen Ogbomoso, da ma'aikatan reluwe da akawu-akawu, su ne sunka riƙa haɗuwa ranar Lahadi a ɗakin wani daga cikinsu suna addu'a da yarensu. Haka Baftis ta shigo garuruwan arewa da yawa, a cikin kayan fatauci. Kar kuma a haɗa su da 'yan mishan na ƙungiyar SIM da sunka riƙe asibitin kutare na Amanawa, waɗannan su ne tushen cocin ECWA, gida daban ne.

Yanzu a rage gudu.

(Bishiya, benci biyu, babu kowa)

A bakin Kiristan da ke jin Hausa akwai kalmomi biyu da mu na waje muke haɗe su mu ce coci. Akwai majami'a, akwai ikkilisiya. Majami'a ita ce ɗakin, bulo da kwano da taga. Ikkilisiya kuwa mutanen ne, asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta taron da anka kira. Shekarun da kunka gani a ƙyallen nan na ikkilisiya ne. Mu ma ai mun san irin wannan, masallacin unguwarku nawa ne anka fara shi da jera duwatsu da zuba yashi, ana jam'i a wurin shekara da shekaru kafin wani bawan Allah ya kawo siminti? In an tambayi tsofaffi yaushe anka fara salla nan, ba ranar da anka sa tayil za su gaya maka ba.

Ga yadda abin kan tafi a ƙauye. Mutum ɗaya ko gida biyu, manoma da sunka zo neman gona, ko ɗan gari da ya tafi cin rani ko aikin soja ya dawo da sabon addini, ko malamin makaranta da anka turo. Sai su fara haɗuwa ƙarƙashin tsamiya ko dogon yaro, wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, tun 1932 akwai shi cikakke da Hausa, wannan ya taimaka ƙwarai don Hausa ce ta haɗa Badakkare da Bakambare da Bamaguje a benci ɗaya. In damina ta matsa su kafa rumfar kara. A wannan mataki ba a kiransu ikkilisiya tukuna, wurin wa'azi ne, yana rataye a wuyan wata babbar ikkilisiya ta cikin gari wadda suke ɗauka uwa. Ita ke turo mai bishara a kan keke, ita ke riƙe sunayensu, in baftisma ta tashi faston can ne zai zo.

Baftismar kuma nitsarwa ce gaba ɗaya, har kai, ba yayyafi ba. Ku dubi nan.

(Bakin gulbi, mutane cikin fararen kaya)

Sai an yi watanni ana koya wa mutum, ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da bakinshi, sannan a shiga ruwa. Kun san ƙasarmu, watan Afrilu ka je wani rafin sai yashi da sawun shanu, shi ya sa a wurare da yawa ake jiran ruwa ya sauka, ko a tafi bakin dam, masu hali kuma su gina kwatami na siminti a harabar majami'a.

To in waɗanda anka yi wa baftisma sunka yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kansu, sai a sa rana. Wakilan uwa su zo, na maƙwabta su zo, a karanta alkawarin zumunci, waɗanda sunka yarda a rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya a littafi, a zaɓi sakatare da ma'aji, a ba wurin suna, shi ya sa za ka ga Alheri, Nasara, Bishara, Albarka a allunan hanya. Wagga rana ita ce ranar haihuwa. Wasu kuma daga ranar da anka fara zama ƙarƙashin bishiya suke lissafi, don haka in ka ji tsofaffi biyu na musun shekarun coci ɗaya, mai yiwuwa duk gaskiya suke faɗi, kowa da inda ya ɗaura igiyarshi.

Daga ranar nan babu wani na sama da ke mulkinsu, kuma wanga shi ne abin da ya fi ba mutanenmu mamaki. Mun saba ganin Katolika, ga Bishop Matthew Hassan Kukah nan Sakkwato tun 2011, bishop ne ke tura fada, wato limamin cocinsu, inda zai yi aiki. Baftis ba su da bishop. Jama'a ce ke zama ta ɗaga hannu ta kira fasto, ita ke biyanshi, ita ke sallamarshi in zama ya ƙi. Akwai ƙungiyar yanki, akwai ta jiha ko shiyya, akwai ta ƙasa a Ibadan, ana tura musu gudummawa ana karɓar shawara da horon fastoci a Ogbomoso ko Kaduna, amma tsohuwar da ke saida daddawa hannunta ɗaya ne, na mai shagon siminti ma ɗaya ne. Ni dai wanga tsari ya burge ni, duk da na san yana da wahalarshi, taron da kowa ke da baki yakan kai la'asar a kan kuɗin benci.

(Hotunan gini daki-daki)

Ginin kuwa ga shi kuna gani. Rumfa, sai laka da jinka, sai laka da kwano, sai bulo. Wani ruwa ya cinye shi, wani gobara, wani ya yi kaɗan, wani kuma rikici ko 'yan bindiga sunka tashi garin gaba ɗaya, wannan kuwa ba masallaci ba coci duk ya taɓa mu a yankin nan. Kuɗin ginin daga baikon Lahadi ne, wato sadakar da ake tarawa a coci, da damman gero da dawa da ake kawowa godiyar kaka, da 'ya'yan gari da ke aiki birni. Zumuntar mata kam a ba su haƙƙinsu, su ke ɗebo ruwan kwaɓa, su ke dafa wa magina abinci, da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau.

Hotunanmu sun ƙare a nan, don mutanen ƙauye ba su da kyamara a wancan zamani, sai dai in ba ku da baki. Na taɓa zama da wani dattijo can wajen Zuru, na ce Baba ina shaidar shekarun nan da kuke faɗi? Bai ce min komai ba, ya shiga ɗaki ya fito da leda, cikin ledar wani tsumma, cikin tsumman littafin rajista mai baƙin bango, gara ta ci gefenshi. Shafin farko sunaye ne da alƙalamin tawada, wasu babu sa hannu sai dangwalen yatsa. Ya bi su da ɗan yatsa yana cewa wanga ya rasu, wagga ta rasu, wanga jikanshi ne ke buga ƙararrawa yanzu, ƙararrawar ma tsohon rim ne na mota rataye a reshe. Da ya kai kan sunan mahaifiyarshi sai ya yi shiru ya rufe littafin, ya ce ɗana taso in nuna maka tsamiyar, tana nan bayan makaranta.

(Tsamiya, a bar sautin wurin)