Jiha za ta iya fito da kuɗinta na zinare?

Sadiya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Nura ne ya zo da magana, wai ya kamata jiha ta fito da kuɗinta wanda zinare ke tsaya masa, shi kuma Malam Habu tun ɗazu yake girgiza kai.

Nura: To ai ba ni na ƙirƙiro ba Sadiya, an taɓa yi. Jihar Kelantan a Malesiya, a 2010, zamanin da Nik Abdul Aziz ke mulkin jihar, suka buga dinari da dirhami nasu, dinari ɗaya giram 4.25 na zinare, aka ce a fidda zakka da shi, a biya sadaki da shi, har shaguna suka riƙa karɓa. Mu nan fa farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, wanda ya yi shekara yana tara kuɗin aure ko na fili ya wayi gari abin ya narke a hannunsa, wallahi abin yana min ciwo.

Habu: Ciwon nan duk muna jin sa ɗan'uwa. Amma ƙarasa labarin mana. Babban bankin Malesiya ya fito ya ce ringgit, wato kuɗin ƙasar, kaɗai doka ta sani, ba a tilasta wa kowa karɓar dinarin. Sannan ko da bankin ya yi shiru, ka tambayi kanka, kana da dinari a aljihun dama da takarda mai faɗuwa a na hagu, wanne za ka miƙa wa mai shinkafa?

Sadiya: Takardar mana.

Habu: Yauwa. Kowa zai kashe takarda ya ɓoye zinaren, sai ya zama ajiya, ba ya zagayawa a kasuwa.

Sadiya: Wannan kam mu mata mun daɗe da sani. Mace ta samu kuɗi ta sayi ɗankunne ko sarƙa ta adana, ran da lalura ta taso, asibiti ko kuɗin makaranta, ta ɗauka sai wajen mai zinare, ya ɗora a ɗan sikelinsa, ya goga a dutse ya duba, ya cire kuɗin aiki ya ba ta sauran. Ba wadda ke zuwa cefane da shi.

Nura: To Amurka fa? Jihar Utah ta yi doka a 2011 ta amince da tsabar zinare da azurfa a matsayin kuɗi, Texas ma ta yi tata a 2025.

Habu: Su tsarin mulkinsu ya bar wa jihohi wannan ƙofar ta zinare da azurfa. Namu na 1999 ya sa maganar kuɗi a hannun tarayya ita kaɗai, dokar CBN ta 2007 kuma ta ce ba mai buga kuɗi sai babban banki. Kai ma'adinan ma na tarayya ne, ka tuna hayaniyar da aka yi a 2020 da aka ji CBN zai sayi zinare daga Zamfara, mutanen Neja Delta suka ce to mu ma a bar mana manmu.

Nura: Doka ai mutane ke gyara ta Malam.

Habu: Ana gyarawa, amma ni abin da ya fi damuna wa zai riƙe mukullin rumbun. Zimbabwe ƙasa ce guda ba jiha ba, ta fito da sabon kuɗi mai suna ZiG a Afrilun 2024 ta ce zinare na bayansa, a Satumba suka karya darajarsa da sama da kashi 40 cikin 100. In ba za ka iya kai takardarka a auna maka zinarenka a hannu ba, to alƙawari kawai ka riƙe, kuma gwamna kan tafi wani ya zo.

Sadiya: Ni kuma da an ce zinaren jiha sai garin Bagega na Zamfara ya faɗo min a rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a tsakar gida ake niƙa dutsen, yara na wasa cikin ƙurar, uwa na girki a gefe. Ga 'yan bindiga sun shiga harkar, ga na fasa-ƙwauri da ke ficewa Dubai. Zinaren da za a cika rumbun da shi daga irin waɗannan ramukan zai fito fa Yaya.

Nura: Haka ne, wannan sai an fara gyara shi. Amma ban sauka ba. A bar maganar buga kuɗi, jiha ta buɗe wajen ajiya mai lasisi, talaka ya sayi ko giram ɗaya ne, a ba shi shaida, masu bincike na waje su riƙa ƙirgawa ana sanar da jama'a. Ai mun saba da awon, nisabin zakka dinari 20 ne, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari, kullum malamai na fitar da farashinsa a naira.

Habu: Wannan zan iya zama mu tattauna, da sharaɗin duk ran da na so zinarena a miƙo min, ba a ce in dawo bayan zaɓe ba.

Sadiya: To masu sauraro ku turo mana naku ra'ayin, musamman 'yan kasuwar zinare na Kano da Gusau, muna son jin nawa kuke cirewa in aka dawo muku da kaya. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.