Darasi: Abin da jeren kwafin rami yake yi wa jikin ƙarfe a FreeCAD

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau FreeCAD za mu buɗe, manhajar zana kayan inji a 3D, sigar 1.0 da ta fito a Nuwamban 2024, cikin ɓangaren Part Design. Magana ɗaya nake so ta zauna muku: in ka jera kwafin rami, manhajar tana ɗaukar siffar abin da ka yanke tun farko, ta kai ta sabon wuri, ta yanke duk abin da ta tarar a can. Ba ta duba ko wurin ya dace.

Ga farantin ƙarfe na zana, tsawo milimita 100, faɗi 60, kauri 10. Na huda rami mai faɗin milimita 8 da Pocket, umarnin yanka, tsakiyarsa na da tazarar 10 daga gefe. Sai na zaɓi ramin, na danna LinearPattern, mai jera kwafi a layi, na ba shi tsawo 80 daga ramin farko zuwa na ƙarshe, adadi 5. Ku lura, biyar ɗin nan har da na asali a ciki, don haka tazarar ta fito 20. Lafiya lau.

Bari in mayar da tsawon 90. Kun ga na ƙarshe? Tsakiyarsa ta hau kan gefe daidai, ya gutsure rabin da'ira daga bakin farantin. In kuma na kai 100, ramuka huɗu kawai za ku ƙirga, na biyar ya faɗa iska, bai sami abin yanka ba. Yanzu in rage zuwa 24. Tazarar ta koma 6 alhali faɗin ramin 8 ne, sai suka cinye juna, suka zama tsaga guda mai haƙora-haƙora. Mai injin da zai yanka maka wannan ba zai gode maka ba.

To, ga inda ya fi cin mutane. Na sauya farantin, ƙasansa ya zama gangare: wannan ɓangaren kauri 10, wancan 25. Ramin farko yana ɓangaren siriri, na ce masa ya tsaya a fuskar ƙasa, ya kuwa ɓulla. Na jera kwafi, sannan na juya farantin don mu ga cikinsa. Na farko kaɗai ya ɓulla, sauran duk sun maƙale a ciki, saboda zurfin na farko aka ba kowannensu, kamar tela da ya ɗinka wa gida guda riguna da awon ƙaramin yaro. Daga sama ba za ka taɓa ganewa ba. Maganinsa ka koma kan Pocket ɗin ka zaɓi Through all, wato ya ratsa komai.

Sauran manhajoji suna ba ka zaɓi a nan. A SolidWorks, in ba ka kunna Geometry pattern ba, kowane kwafi sai an sake lissafa masa inda zai tsaya. A Fusion 360 zaɓin Adjust ne ke yin haka. Yana jan lokaci in kwafin ya yi yawa, amma a irin wannan gangaren shi ne daidai.

Sai batun wa ya riga wa a jerin ayyukan da ke hagu. Na manna tokara a ƙarƙashin farantin da Pad, umarnin ƙari, bayan ramin farko, sannan na yi jeren. Kwafin da ya faɗa kan tokarar ya ci ta, tunda ta riga shi zuwa. In na danna dama na matsar da tokarar ta koma bayan jeren a jerin ayyukan, ita ce za ta rufe bakin ramin. Zane ɗaya, jiki iri biyu.

In ƙari kake jerawa maimakon yanka, ka tabbatar kowane kwafi ya taɓa jikin. Body, wato abin da ke tattare duk ayyukan nan a Part Design, a ƙa'idarsa jiki ɗaya haɗaɗɗe yake riƙewa, wanda ya tashi shi kaɗai a gefe matsala zai jawo maka.

Ku gina farantin gangaren nan da kanku, ku juya shi ku ƙirga ramukan da suka ɓulla. Darasi na gaba PolarPattern za mu ɗauka, ramuka 6 a da'ira, digiri 60 tsakanin kowane biyu. Sai mun haɗu.