Yadda Ɗalibi Zai Rubuta Tarihin Rayuwar Mutum

Assalamu alaikum ɗalibai da malaman makarantun Damagaram. Bayaninmu na yau ya shafi aikin rubuta tarihin rayuwar wani mutum, kuma abin da muke so ku riƙe tun farko shi ne bambancin da ke tsakanin wannan aiki da kirari. Maroƙi yana da damar ya ce gwarzonsa bai taɓa faɗuwa ba, amma ɗalibi ana neman ya kawo abin da ya faru, ya kuma faɗi daga bakin wa ya ji.

Wajen zaɓen mutum, da yawanku za su garzaya ga Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, ko kuwa Amadu Kuran Daga, wanda ya rasa ransa a 1899 lokacin shigowar Faransawa. Zaɓi ne mai kyau, sai dai yana da nauyi, domin dole ku haɗa abin da tsofaffin fada suka riƙe a ka da abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta, alhali kowane ɓangare yana da abin da yake son karewa. Inda suka saɓa, ku kawo maganganun biyu duka. A ganinmu, ɗalibin kwalej ya fi samun riba idan ya zaɓi wanda zai iya zama a gabansa, kamar ungozomar unguwarsu, ko tsohon majemi, ko malamin lakwal da ya ajiye aiki.

Hira ita ce gindin aikin. Ku je da kaye da bik, ku gaida mutum cikin ladabi, ku bayyana masa dalilin zuwanku, sannan ku nemi izininsa kafin ku ɗauki muryarsa a waya. Tambayar da amsarta ba ta wuce i ko a'a ba, ba ta kawo labari. Maimakon ku ce, "Inna, kin sha wahala a aikin nan?", ku ce, "Inna, wa ya koya miki karɓar haihuwa, kuma yaya kika yi a daren da kika fara karɓa ke kaɗai?" Daga nan ku yi shiru, ku bar ta ta yi tunani, kada ku katse ta.

Shekaru ne za su fi ba ku aiki, saboda tsofaffi da dama an ƙiyasta shekarar haihuwarsu ne kawai a takardunsu. Su kan auna lokaci da abin da ya faru a ƙasa, don haka ku tanadi ƴan shekarun da aka tabbatar: 1926 da aka mayar da babban birni daga Zinder zuwa Yamai, samun ƴancin kai a 1960, juyin mulkin Seyni Kountché a 1974, da yunwar 1984. Idan Baba ya ce ya yi aure damina biyu bayan hawan Kountché, kun sami abin lissafi, amma ku rubuta "wajajen 1976", kuma ku tambayi wani tsaransa ko ya tuna haka.

A wajen rubutu ba dole ba ne ku ba kowace shekara rabo daidai. Ku wuce ƙuruciya da sauri idan babu abin faɗa, ku daɗe a kan lokacin da rayuwar mutumin ta juya. Maganar da kuka ɗauko daga bakinsa ku bar ta yadda ya faɗe ta, cikin alamar zance. Abin da ya ce sirri ne kuwa ba ya shiga takarda.

Malamai, muna roƙon ku duba kayen hira tare da rubutun ƙarshe, domin a nan ne ake gane wanda ya je da ƙafarsa da wanda ya kwafo daga intanet. Ku kuma ɗalibai, kafin ku miƙa aikin, ku koma ku karanta wa mai tarihin, ko iyalinsa idan ya rasu, su gyara sunaye da wuraren da ba su daidaita ba.