Mate, Shayin da Messi Ke Zuƙa a Ƙoƙo

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk mai bin ƙwallon ƙafa ya san wannan hoton: Messi ko Suarez ya sauko daga motar 'yan wasa, fulas a hammata, ɗan ƙoƙo a hannu, yana zuƙar wani abu ta bututun ƙarfe. A gidajen kallo har gardama ake yi, wasu su ce magani ne, wasu su ce sirrin gudu ne. To shayi ne, sunansa mate. Da 'yan wasan Ajantina za su tafi Katar gasar cin kofin duniya ta 2022, sai da suka yi guzurin kusan kilo 500 na ganyensa.

Ganyen wata bishiya ne da ke fitowa a Paraguwe, da kudancin Birazil, da arewa maso gabashin Ajantina, musamman lardunan Misiones da Corrientes. Ƙabilar Guarani ce ta fara shan sa tun kafin zuwan Turawan Sifaniya, suna ce masa ka'a. Limaman cocin Katolika 'yan ɗariƙar Jesuit ne suka fara noma shi a gona a ƙarni na 17. Kalmar mate kuwa asalinta sunan ƙoƙon ne, daga harshen Kecuwa, shi kuma ganyen ana ce masa yerba. Ƙoƙon ɗan duma ne irin wanda muka sani, a fafe shi, a busar.

In an yanko rassan, sai a gitta su ta harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi don kada ganyen ya yi baƙi. A busar, a ɓarza, a zuba a buhu. 'Yan Ajantina kan ajiye shi wata tara har zuwa shekara biyu don ɗacin ya kwanta. Mutanen Birazil ba su jira, nasu kore shar ne, gari kamar kuka.

Yanzu ku duba yadda ake haɗawa, don nan ne baƙi ke yin shirme. A zuba ganye ya kai kashi biyu cikin uku na ƙoƙon. A rufe bakin da tafin hannu, a kifa, a girgiza. Kun ga ƙurar da ta manne a tafin? Ita ce da za ta toshe bututun. Sai a karkatar da ƙoƙon a hankali, ganyen ya taru gefe guda kamar tudu, ɗaya gefen ya zama rami. A zuba ruwa mai ɗumi kaɗan a ramin, a ba shi minti ɗaya ko biyu ya tsotse. Sannan a toshe bakin bututun da babban yatsa, a soka shi cikin ramin har ƙasa. Bombiya suke kiran bututun nan, gindinsa rariya ce mai tace ganye. Da zarar ya zauna, ya zauna ke nan. Ba a juya mate kamar shayin mai shayi. In ka motsa bombiyar wani a Ajantina, kallon da zai yi maka kaɗai ya ishe ka.

Sai ruwan zafi, kuma ku riƙe wannan: kada ya tafasa. Tsakanin digiri 70 da 80 ake so. In babu ma'auni, da buta ta fara kuka, ƙananan kumfa sun taru a gindinta, a sauke. Tafasasshen ruwa yana ƙona ganyen, ɗaci ya fito gaba ɗaya, kafin zubi na huɗu ya salance. Ruwan kuma a ramin kaɗai ake zuba shi, a bar tudun a bushe, ana cin sa kaɗan-kaɗan. Gwani zai shanye fulas mai lita ɗaya da ƙoƙo guda.

Mutum ɗaya ne mai zubi, ana ce masa sebado. Shi zai sha na farko, wanda ya fi ɗaci, sannan ya ƙara ruwa ya miƙa. Kowa ya shanye nasa har bututu ya yi ƙara, ya mayar masa. Wanda ya taɓa zama majalisar atayi a Agadas ko Damagaram zai gane zaman. Sai dai a kula, a nan in ka ce "gracias", wato na gode, ma'anarsa ka ƙoshi, ba za a sake miƙo maka ba.

To me yake yi wa jiki? Abin da babu gardama a kai shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro. Yana kore barci, yana wartsake hankali, yana ɗan rage jin yunwa. Akwai kuma tiyoburomin, wanda ke cikin kokon da ake yin cakulan da shi, da wasu sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, irin na kofi da koren shayi. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna masu shan sa kullum mugun kitsen jininsu ya ɗan sauka. Maganar narkar da tumbi da 'yan talla ke yi a intanet kuwa, an zuzuta ta. Ɗan tasirin da aka gani bai kai a bar motsa jiki a rungumi ƙoƙo ba.

Kafeyin ɗin yana da iyaka. Miligiram 400 a yini ga baligi mai lafiya, 200 ga mai juna biyu, kuma da yake ana ta ƙara ruwa ana hira, mutum kan wuce bai sani ba. Mai hawan jini, ko bugun zuciya, ko rashin barci, ya tambayi likita. Mai ƙarancin jini kada ya sha a kan abinci, don yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki.

Mu koma kan zafin nan. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan kowane abu da zafinsa ya haura digiri 65 na iya jawo ciwon dajin maƙoshi. Mate mai ɗumi ko mai sanyi ba ta sa shi a wannan sahun ba. Bututu kuwa kai tsaye yake kai ruwa maƙogwaro, don haka bayan zubi a ɗan saurara ya huce. Ganyen da aka busar da hayaƙin itace yana ɗauke da sinadaran hayaƙi, sai a nemi wanda aka busar da iska mai zafi.

A Paraguwe, inda rana ke dukan mutum, da ƙanƙara ma suke sha. Terere ke nan: ganyen a ƙahon sa, ruwan sanyi a jug, a daka na'ana'a ko wasu saiwoyi a jefa a ciki. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2020.