'Yar Tsanar Faransa ta Kwaikwayo da Masu Yi Mata Ɗinki

Masu kallo, barkanku da warhaka. Ku dubi 'yan tsanan nan guda biyu da ke kan tebur. Kumatu iri ɗaya, manyan idanu na gilashi, gira an zana ta gashi-gashi. Ɗaya an yi ta a Faransa a shekarun 1880. Ɗayar kuwa ta zamanin nan ce, wata mai sha'awar aikin ta gasa ta a gida, ta zauna da allura ta ɗinka mata kaya. Ita wannan ta biyun za mu yi magana a kai, amma sai mun san uwarta tukuna.

A tsakiyar ƙarni na 19, 'yan tsanan da suka yi tashe a birnin Paris masu siffar manyan mata ne, kowace da akwatin kayanta. Sai a 1877 Émile Jumeau, wanda ya gāji masana'antar mahaifinsa a Montreuil, kusa da Paris, ya fito da 'yar tsana mai siffar ƙaramar yarinya, wadda ake kira bébé. Shekara ɗaya bayan haka, a baje kolin duniya na Paris na 1878, kamfanin ya ci lambar zinare, ya kuma riƙa buga hatimin wannan nasara a jikin 'yan tsanansa. Matarsa Ernestine ce ke kula da sashen sutura. Babban abokin takararsu shi ne gidan Bru, wanda 'yan tsanansa ke da jikin fata da hannaye na tangaran.

Abin bai ɗore ba. Masana'antun Jamus suka cika kasuwa da kaya masu araha, har ta kai a 1899 Jumeau da Bru da wasu suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, SFBJ. 'Yan tsanan da suka tsira daga hannun yara da yaƙe-yaƙen duniya biyu yanzu a wurin gwanjo ake sayar da su. Mai kyau a cikinsu tana cin dubban daloli, kuma akwai ta Albert Marque, wani Bafaranshe mai sassaƙa, da aka sayar sama da dala 250,000 a Amurka. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ba zai riƙa cire mata riga yana sa wata ba. Cikin gilashi zai kulle ta.

Daga nan kwaikwayo ya samu shiga. A shekarun 1970 da 1980 abin ya bazu a Amurka, inda kamfanoni irin su Seeley's ke sayar da mazubin filasta da aka ɗauko daga kan tsofaffin 'yan tsana. Mai aikin zai kwarara ruwan yumɓun tangaran a cikin mazubin, ya ɗan jira, ya zubar da na tsakiya, a bar ɓawo siriri. Sai a yanke gurbin idanu, a goge, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1200 a ma'aunin Celsius. Ba a shafa masa sheƙi kamar na faranti, shi ya sa yake fitowa da laushi irin na ɓawon ƙwai. Bayan haka sai fenti, kuma kowane shafi da nasa gashin a wuta mara tsanani: launin fata, sannan gira da gashin ido, sannan leɓe da jan kumatu. A gira ake gane gwani. Hannu ya ɗan yi rawa, fuskar ta tashi daga ta Jumeau ta koma ta wata daban.

To, yanzu mu zo kan sutura, domin a ganina nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata 'yar tsana mai kyau.

Matsala ta farko ita ce kaurin yadi. Yadin da ke zuba da kyau a jikin mutum, in aka sa wa abin da bai kai tsawon hannu ba, sai ya tsaya ƙyam. Saboda haka masu ɗinkin ke neman siliki mara nauyi, da farar auduga shara-shara, da leshi wanda faɗinsa bai wuce farce ba. In yadin na da zane, dole furannin su zama 'yan mitsi-mitsi. Ku kalli wannan siket ɗin da kyau. Kowace tattara an naɗe ta da hannu, an danne da dutsen guga, sannan an kama bakinta da ɗinki wanda sai ka matso za ka gan shi. Keken ɗinki na iya yin dogayen layuka na ciki, amma kalmasa da wuya da bakin hannu na allura ne.

Matsala ta biyu ita ce zamani. Rigar yarinya Bafaranshiya ta shekarun 1880 ƙugunta a ƙasa yake, wajen kwatangwalo, da faffaɗan ɗamara da gajeren siket. A ƙarƙashinta akwai 'yar shimi, da wando mai leshi, da fatari, ko da yake ba mai ganinsu. Ba zif, ba roba, ba yadin leda mai ƙyalli. Da ƙugiya da 'yan maɓallai ake rufewa, maɗaurin maɓallin ma da zare ake saƙa shi. In leshin ya yi fari fat, wasu kan tsoma shi a ruwan shayi ya ɗan dafe. Wasu kuma tsohon yadi suke nema daga rigunan da suka lalace, sai dai tsohon siliki na da yaudara: a wancan lokaci ana jiƙa shi da gishirin ƙarfe don ya yi nauyi, shi ya sa yanzu yake tsagewa da an ja shi.

'Yar tsanar da masu ɗinki suka fi so ita ce Bleuette. Mujallar 'yan mata ta Faransa, La Semaine de Suzette, ta fito da ita a 1905 a matsayin kyauta ga wadda ta biya kuɗin shekara. Tsawonta santimita 27, daga 1933 ya koma 29, kuma an ci gaba da yin ta har 1960. Mujallar ta buga samfurin ɗinki sama da 1,000 dominta: kayan makaranta, na barci, na bakin teku, har da na ma'aikaciyar jinya. Manufar ita ce yarinya ta koyi ɗinki. Yau mata a Amurka da Turai da Japan suna ɗauko samfurin 1912 ko na 1925 su ɗinka wa ta kwaikwayo, kuma yana shiga daidai muddin jikin ya bi awon asali.

Saura batun jabu. Kwaikwayo ba laifi ba ne, matuƙar mai shi ya rubuta sunansa da shekarar da ya yi ta a bayan kai, kamar yadda al'adar masu sana'ar ta tanada. Matsalar ita ce mazubin kan ɗauko har da hatimin asali, don haka ganin sunan Jumeau a wuya ba hujja ba ce. In za ku saya, ku ɗaga gashin ku leƙa ciki. Na Faransa na da marfin kai na irin abin da ake toshe kwalba da shi, kuma tsohon tangaran ba ya rasa 'yan ɗigo-ɗigon baƙi da ƙurar shekaru. Sannan ku auna kan. Yumɓu na raguwa a wuta, saboda haka kan da aka zuba daga mazubin tsohon kai yana fitowa ƙasa da na asali da abin da ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. In lambar girman da ke wuya ta ce wani abu, tef ɗin awo ya ce wani, ku yarda da tef.