Kafin ki tambayi wa ya fara

Ƙarfe shida na safe a wani gidan haya a Agege, irin mai ɗakuna suna kallon juna. An kawo wuta, an kunna injin ruwa, jarkoki sun yi layi a bakin famfo. Yaro ɗan shekara 9 ya ajiye tasa ya koma ɗaki ɗauko murfi. Kafin ya dawo 'yar maƙwabta ta ture ta gefe ta tara bokitinta. Ya hankaɗe ta, ta yakushe shi, sai kuka.

Uwa ta fito da ludayi a hannu: "Wa ya fara?"

Da jin wannan tambaya kowane yaro ya san shari'a aka buɗe, sai ya hau kare kansa, har da ƙarin gishiri. Daga nan a ce wa yaron, "Yi haƙuri, kai ne babba." Hayaniya ta lafa, gaskiya ne. Amma shi ya koyi cewa girma cuta ce, ita kuma ta gane kuka yana ci. Gobe ma famfon nan yana nan.

Fara da raba su, ba tare da kin ce komai a kan laifi ba. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20, don haka yaron da zuciyarsa ke tafasa ba ya jin wa'azi. A ba shi ruwa ya sha, a zaunar da shi. Ai a Islamiyya ma an koya masa: wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

In sun huce, kowa ya faɗi nasa, ɗayan ya yi shiru. Ga inda aikin yake: kafin yaron ya mayar da martani, ki ce masa, "Me ka ji ta ce?" Zai yi turus. Sai ya sake saurara kafin ya iya cewa, "Ta ce ta zata babu mai jarkar, kuma mamanta na jiran ruwan ta yi wa jariri wanka." Ita ma ta maimaita nasa: "Ya ce tun asuba yake layi." Yanzu kowa ya ji abin da bai sani ba. Sa'annan ki tambaye su, "To yaya za a yi?" Ki daure kada ki ba su amsa. Ko da sun ce duk mai barin layi ya ɗora dutse a kan jarkarsa, ki karɓa, domin dokar da yaro ya kafa da bakinsa ita yake tsarewa.

Ba wasan yara ba ne. Tun 1999 gwamnatin Legas take da cibiyar sasanta jama'a kyauta a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, inda mai gida da ɗan haya ke zama a saurari kowa. Bulala kuwa, jihar ta hana ta a makarantunta tun 2022.

'Yan shekara 12 zuwa 14 nasu daban ne. Faɗansu na 'yan kallo ne, a filin ƙwallo ko a zauren WhatsApp na 'yan aji, kuma ba mai son a ga ya ja da baya. Baba, ka ja shi gefe, kada ka yi masa sulhu a gaban abokansa.

Sai abin da ya shafi zaman Legas. Ranar da ɗanka ya dawo ya ce, "Bayeraben nan ne ya zage ni," ka tambaye shi sunan yaron. Faɗan mutum biyu ne, a bar shi na mutum biyu. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 a Maris 2016, da ya kai ga rufe kasuwar, sun san yadda ƙaramar magana ke zama ta ƙabila. Ka koya masa "ma binu", wato yi haƙuri da Yarbanci, ya je ya faɗa wa yaron da bakinsa kafin a shiga aji gobe.