Yadda Ake Tabbatar da Sabon Nau'in Gizo-gizo Daga Kurmin Duwatsu

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da war haka daga nan Jos.

Jefi-jefi mukan ji a labarai cewa an gano sabon nau'in gizo-gizo a wani daji da ke kan tsauni, yau a Indiya, gobe a Madagaska, jibi a Kudancin Amurka. Shi gizon yana dajinsa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, yana saƙarsa yana farautarsa. Abin da masana ke nufi da sabo shi ne babu wanda ya taɓa siffanta shi a rubuce, ya raɗa masa suna irin na kimiyya, ya ajiye samfurinsa inda kowa zai je ya duba. To wanda ya ce ya samo sabo, ya ɗauko wa kansa babban aiki, domin sai ya nuna cewa abin da ke hannunsa ba ɗaya ba ne daga cikin duk waɗanda aka riga aka sani.

Su kuwa waɗanda aka sani ba kaɗan ba ne. Akwai kundin gizagizan duniya da gidan tarihin halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ke kula da shi a intanet. A watan Afrilun 2022 aka shigar da nau'i na 50,000 a cikinsa, wani ɗan gizo mai tsalle daga Kudancin Amurka da aka sa wa suna Guriurius minuano, don tunawa da al'ummar Minuane da ta taɓa zama a yankin. Lissafin ya faro ne daga 1757, lokacin da wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Clerck ya fara ba gizagizai sunaye irin na kimiyya. Shekara 265 ke nan kafin a kai dubu hamsin, kuma masu kula da kundin sun yi ƙiyasin cewa kusan wasu dubu hamsin ɗin suna nan ba a kai gare su ba.

Me ya sa dazuzzukan tsauni suka fi ba da sababbi? Ku dubi wannan hoton na duwatsun Shere, gabas da Jos, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,800. Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200 ne sama da teku, shi ya sa muke fama da sanyin da Kano da Lafiya ba su san shi ba. Kurmin da ke cikin kwazazzabon irin waɗannan duwatsu yana riƙe danshi da inuwa, alhali filin da ya kewaye shi ciyawa ce da ke bushewa ƙayau da rani, wuta ta bi ta kanta. Wasu gizagizan suna sakin zare iska ta ɗauke su zuwa nesa, waɗannan ba ruwansu da iyaka. Amma masu zama cikin ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, da masu haƙa rami, da wuya su ƙetare busasshen fili. Sai su zauna a kurmi ɗaya zuriya bayan zuriya, dubban shekaru, har su bambanta da 'yan uwansu na dutsen da ke can gaba. Haka abin yake a dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambilla, da Gashaka Gumti inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya da mita 2,419, da kuma Obudu, har zuwa tsaunukan Kamaru.

Kada kuma wani ya ɗauka an gama sanin abin da ke bayan gidanmu. A 1998 ne masanin tsuntsaye Robert Payne ya siffanta wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsun Filato a matsayin sabon nau'i, kuma har yau masu bincike na ganin sa a dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos. Tsuntsu ne fa, mai tashi da rana tsaka, mai kuka kowa na ji. Ina ga halittar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda sai dare take fitowa?

Kamun kansa ba ya buƙatar kayan tsada. Ana binne kofin roba daidai da bakin ƙasa, a zuba ɗan ruwan adanawa a ciki, mai yawon dare ya faɗa. Ana shimfiɗa farin ƙyalle ko a buɗe laima a juye ƙarƙashin reshe, a buga reshen da sanda. Ana ɗebo ganyen da ya zube a rairaye shi a kan faranti. Da dare kuma a ɗaura tocila a goshi, domin idanun wasu gizagizan masu farauta a ƙasa suna mayar da haske, sai ka hango ƙyalli cikin ciyawa daga nesa. Duk wanda aka kama ana saka shi a 'yar kwalba mai sinadarin alkohol, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari idan siffa za a duba, kashi 95 ko fiye idan ana son ƙwayar gado ta DNA. Sai a tura 'yar takarda cikin kwalbar, an rubuta da fensir saboda tawadar biro tana narkewa: sunan wurin, lambobin taswira, tsayin ƙasa, kwanan wata, irin dajin, da sunan wanda ya kama. Kwalbar da ba ta da wannan takardar kusan asara ce, ko da abin da ke ciki babu irinsa a duniya.

Yanzu mun shigo ɗakin bincike, ga gizon a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abu na farko shi ne a gane danginsa, kuma ido ne ke fara tona asiri. Yawancinsu ido takwas gare su, wasu shida. Idan ka ga manyan idanu biyu a gaba sun cika fuska, to dangin masu tsalle ne, Salticidae, dangin da ya fi kowane yawa, da nau'i sama da 6,000. Idan ƙanana huɗu ne a jere a ƙasa, manya biyu a samansu, wasu biyu a baya, to Lycosidae ne, waɗanda matansu ke yawo da ƙunshin ƙwai maƙale a bayansu. Daga nan a ƙirga faratan ƙafa, biyu ne ko uku, a duba haƙoran da ke gefen fiƙa, a duba gaɓoɓin fitar da zare a ƙarshen ciki, a auna kowace ƙafa gaɓa-gaɓa da milimita, a lissafa ƙayoyin da ke jikinta.

Launi fa? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Launi yana taimakawa, amma ba a kafa hujja da shi. 'Ya'yan uwa ɗaya kan fito wannan da duhu wancan da haske, kuma alkohol na kashe launi, kore ya koma fari-fari, ja ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake ɗaukar hoton gizon da ransa kafin ya saka shi a kwalba.

Hujjar gaske tana wurin gaɓoɓin haihuwa, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. Kusa da bakin kowane gizo akwai wasu 'yan hannuwa biyu, gajeru, ba sa cikin ƙafafu takwas. A jikin namijin da ya balaga, ƙarshensu a kumbure yake, domin da su yake ɗaukar maniyyi ya zuba wa mace. Ku kalli wannan da aka ƙara wa girma: ga wani siririn bututu da ya naɗe, ga ƙugiya, ga wani ɗan tsini da ya fito daga gaɓar da ke ƙasa. Tsawon bututun nan, inda ya faro, sau nawa ya zagaya, ina bakinsa ya kalla, duk waɗannan suna nan daram a cikin nau'i ɗaya, suna kuma sauyawa daga nau'i zuwa nau'i. A wajen mace, a yawancin dangogi, akwai wani ɗan tauri a ƙasan cikinta mai ƙofofi biyu. Mai bincike zai sa allura mai tsini ya yanko shi a hankali, ya jiƙa shi a wani ruwa da zai sa naman ya washe a ga ciki. Ɗaya daga cikin abin da ake amfani da shi tun da daɗewa shi ne man kanumfari, kanumfarin nan dai da ake sa wa a kunu da shayi. Idan ya washe sai a ga hanyoyi a murɗe da 'yan jakunkunan da take ajiye maniyyi. Na namijin da na macen suna dacewa kamar makulli da kwaɗonsa, kuma wannan zanen ne ake ɗauka a je a gwada da na sauran.

Wannan ne ya sa ƙaramin gizo da bai balaga ba yake ba masana wahala. Gizo yana girma ne ta hanyar saɓa, kuma gaɓoɓin nan ba sa kammala sai a saɓar ƙarshe. Wani lokaci dole a raini ɗan gizon a kwalba, ana ba shi ƙananan ƙudaje, har ya balaga. Akwai kuma matsalar haɗa miji da mata. A wasu nau'o'in macen ta ninka namijin girma sau da yawa, launinsu ma ba ɗaya ba. An sha ba namiji suna daban, mace suna daban, sai bayan shekaru a gane abu ɗaya ne, a soke suna guda a bar wanda ya riga.

Sai aikin da ya fi cin lokaci, wanda kyamara ba ta son ɗauka: karatu. Mai binciken zai tattaro duk abin da aka taɓa rubutawa a kan wannan zuriya, wato rukunin nau'o'in da suka fi kusa da shi, da Faransanci, da Jamusanci, da Latin. Bafaranshe Eugène Simon, wanda ya rasu a 1924, shi kaɗai ya siffanta dubban nau'o'i, da yawa a cikin 'yan layuka kuma babu zane. Idan bayanin bai wadatar ba, sai a nemi ainihin samfurin da aka raɗa wa sunan. Ga gizagizan Afirka, wannan na nufin rubuta wasiƙa zuwa Faris, ko Landan, ko gidan tarihin Tervuren a Beljiyam, a roƙi aro ko hoto. Wasu samfuran da ke Jamus sun ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu, sunayensu na nan a takarda amma babu abin da za a gwada da shi. Ni dai abin nan yana ci mini rai, a ce ɗalibi a Jos ya kama gizo a Shere, amma ba zai iya sanin ko an taɓa ba shi suna ba sai da yardar wani ma'aji a Turai. Masana irin su Wanda Wesołowska ta ƙasar Folan sun yi aiki mai kyau a kan gizagizai masu tsalle na kudancin Najeriya, sun cancanci yabo. Sai dai ma'ajiyar samfura mai inganci a jami'o'inmu, da alkohol da ba ya yankewa da mai kula da ita na dindindin, ita ce za ta sa 'ya'yanmu su yi wannan aikin a gida.

DNA ta zo ta sauƙaƙa wani ɓangare. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki na ƙwayar gado da ake kira COI, mai harufa wajen 650, a matsayin shaidar kowane nau'i. Ƙafa ɗaya ta isa, sauran jikin ya zauna a kwalba. Da ita ake tabbatar da cewa wannan namijin da waccan macen abu ɗaya ne, da ita ake gano nau'o'i biyu da ido ya kasa rabawa. Amma a yi hattara. Idan ka saka sakamakonka a rumbun bayanai kwamfuta ta ce ba ta da irinsa, wannan bai nuna sabo ba ne, domin yawancin gizagizan Afirka da aka daɗe da sani ba a taɓa karanta DNA ɗinsu ba. Dole dai a koma ga madubi da tsofaffin takardu.

Idan duk hujjoji sun taru, sai a zaɓi gizo guda ɗaya, cikakke, a ce wannan shi ne ma'aunin sunan har abada, a ajiye shi a gidan tarihi ko jami'ar da kowane mai bincike zai iya zuwa. A rubuta siffarsa dalla-dalla, a zana gaɓoɓin, a fayyace abin da ya raba shi da mafi kusa da shi. Sunan kashi biyu ne, na zuriya da na nau'i, bisa dokokin raɗa wa dabbobi suna na duniya. Ana iya ɗauko na biyun daga siffarsa, ko sunan dutsen da aka same shi, ko sunan mutumin da ake son karramawa, har da mai nuna hanya a daji, kuma kalmar Hausa ko Birom ko Fulatanci tana iya shiga. A al'ada dai mutum ba ya sa sunan kansa. Sai a aika wa mujalla irin su Zootaxa ko ZooKeys, wasu masana su tantance, su yi gyara ko su ƙi. Tun daga 2012, idan a intanet kawai za a wallafa, sai an yi rajistar aikin a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi na intanet, kafin sunan ya zama karɓaɓɓe. Daga ranar kamu zuwa ranar wallafa, shekaru kan wuce.

Su kuwa kurmin ba sa jira. Masu neman itacen girki da gawayi na shiga, gobarar daji na cin gefensu duk rani, gonaki da masu fasa dutse na matsowa. Nau'in da duk duniyarsa kwazazzabo ɗaya ce, rani biyu masu muni sun isa su shafe shi, kuma da wuya hukuma ta saka abin da ba shi da suna cikin jerin halittun da za a kare.

Idan kun hau Shere ko kun je Assop kuka ga gizon da ya ba ku mamaki, kada ku taɓa shi da hannu, kada kuma ku kashe shi. Ku ɗauki hotonsa ta sama, ku ɗauki fuskarsa yadda idanun za su fito, ku ajiye tsabar kuɗi ko murfin biro a gefensa don a gane girmansa, ku bar wayar ta riƙe lambobin wurin. Ku ɗora a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban ke dubawa kyauta. Hoto ba zai raɗa suna ba, amma zai gaya wa mai bincike wane kurmi ya kamata ya kai kofunansa da damina mai zuwa. Ɗaukar samfuri daga gandun da gwamnati ta keɓe kuma sai da izinin hukumar da ke kula da shi.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a shiri na gaba.